Fulogi Mai Sanyi Zuwa Kaduna

Kura, cikin kakar tumatir.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maigidanka Alhaji da mutanen gidansa duka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin hanya, da sharrin mai yi maka dariya zuciyarsa tana wani wuri. Mu nan sai godiya.

Ɗanjuma direba ya tsaya a rumfata da ya dawo daga kudu da kwandunansa wayam, ya isar mini da saƙonka, ya kuma ba ni tsohon fulogin da ka naɗe a takardar siminti. Ya ce motar nan ta Alhaji, gajerar mai ƙofa biyu da ya shigo da ita daga waje, wadda aka ɗauke ka aiki domin ka riƙa kula da ita, ta fara tari a cikin gari. Fulogan da ta zo da su sun cinye, irinsu kuwa ba a samu tun da kayan gyara suka yi wuya a ƙasa. Ya ce wani mai shago ya nuna maka masu zafi, ya rantse maka ranar da ka saka su ranar tarin zai ɗauke. Ya ce Alhaji zai ja motar da kansa zuwa Maiduguri bikin abokinsa, kai kana gefensa, kuma ya faɗa maka a gaban mutane in ba za ka iya ba ka faɗa, ya nemo wanda zai iya.

To, na gane inda maganar ta dosa. In injin nan ya mutu a hannunka, za a haɗa maka kayanka a ce ka gai da mutanen gida. In ya rayu, ka samu wurin zama, Kaduna ta riƙe ka. Ni kuma ina nan inda ka bar ni.

Sunan mahaifina gare ka, kuma kai ne na fari, shi ya sa tun tasowarka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Abin da ke tsakanina da kai bai wuce “miƙo sifana” da “riƙe nan” ba. Takarda kuwa ba ta da ido, saboda haka yau zan faɗi abin da bakina ya kasa. Gidan nan ya yi mini girma. Tun da mahaifiyarka ta rasu, aka kai ƙanwarka Binta ɗakinta a Bunkure, kai kaɗai nake jin motsinka, yanzu shi ma babu. Rannan ina kwance injin ruwan wani manomi na ce “riƙe nan” na saki, injin ya kife, mai ya zube a ƙasa, mutumin ya tsaya yana kallona. Wasu ma sun fara kai injinansu wani wuri, wai kunnen yaron ya fi na uban. Ban ji haushinsu ba, gaskiya suka faɗa.

Amma ba kuka na zauna in rubuta maka ba. Tambaya ka yi, kuma amsarta ban koye ta a kyauta ba. Da abokina na biya.

Ba lalle ka tuna Injiniya Dauda ba, kana ƙarami ƙwarai. Mutumin Filato ne, Kirista, yana cikin waɗanda suka yi aikin kanal lokacin da ake jawo ruwa ta ɓangaren Bunkure. Dogon mutum, mai dariya da dukan jikinsa. Ya sayi wata jar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, gajera kamar ta maigidanka, in ta tashi har kaji sai sun watse. Ni a lokacin babura nake gyarawa da ƙananan injina, amma da yake na taɓa zama a babban gareji, sai ya riƙa kawo mini ita. A hankali muka saba. Yakan zauna a kan bencin rumfa ya cire takalmi, mahaifiyarka ta aiko da dambu, mu ci kwano ɗaya. In lokacin salla ya yi shi yake cewa, “Malam Isa, tashi ka je, ni zan tsare maka kaya.” Ban yi aboki irinsa ba, kafinsa ko bayansa.

Aikinsa a kan gaɓar kanal yake, hanyar ƙasa mai ramuka, ba ya wuce giya ta biyu yini guda. Motar da aka yi domin gudu aka mai da ita jaki, dole ta yi fushi. Sai ta fara tari, fulogai suna yin baƙi ƙirin. Ya kawo mini ana saura kaɗan Kirsimeti, ya ce zai kai iyali gida, in duba masa.

Ka san al'adarmu a nan. Injin ruwa in ya yi baƙin fulogi, me muke yi? Mu saka masa mai zafi, ya ƙone dattinsa da kansa, manomi ya ɗauka ya tafi yana sa albarka. Babur ma haka. Hannuna ya saba, ban ko tsaya tunani ba. Na zaro masu zafi na ɗaura masa, na tayar, motar ta yi shiru kamar an shafa mata mai a maƙogwaro. Ya zagaya da ita bakin kanal ya dawo yana tafa mini. Ni ma har kaina ya kumbura.

Suka yi lodi, buhun shinkafa da albasa a baya, matarsa a gaba, 'ya'ya biyu a matse. Ya hau titin Zariya, ya ga kwalta a miƙe, ya taka ta yadda take so. Ba su yi nisa da Garun Malam ba injin ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kafin ya ankara hayaƙi ya turnuƙe. A gefen titi suka yini da yara cikin rana. Aka ja motar zuwa Kano wurin wani dattijon Bayarabe a Sabon Gari, Baba Lamidi, wanda ya ƙware da irin waɗannan motoci. Da na ji labari na bi su, don kunya ba ta bar ni na zauna ba.

Na tarar ya buɗe injin. Ya ɗago fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji, ya kara a idonsa, ya leƙo ni ta cikin ramin da wuta ta huda. Ya ce, “Kai ne mai gyaran?” Na ce ni ne. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Sai ya ɗauko fulogi biyu ya jera a tafin hannunsa ya ce, “Duba hancin farin tangaran ɗin nan na ciki. Wannan dogo ne, zafi yana daɗewa a jikinsa kafin ya fita, shi ne naka mai zafi. Wannan gajere ne, zafi yana shiga yana wucewa, shi ne mai sanyi. Injin ruwanku tafiyar hawainiya yake yi yana shan baƙin mai, shi ya sa yake son dogon. Wannan motar kuwa in an taka ta, cikinta ya fi maƙera zafi. Hancin naka ya yi ja kamar garwashi, ya riƙa kunna fetur kafin lokaci, fistin yana hawowa wuta tana dukansa a ka. Ka yi maganin tari ka kashe mai tarin.”

Injiniya yana tsaye a gefe. Har ya bar yankin nan bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. In ya wuce ta gaban rumfa yakan ɗaga hannu, ni ma in ɗaga. Amma bai sake zama a bencin ba, ni kuma ban iya zuwa na same shi ba. Da aka yi masa canjin wurin aiki, a bakin mutane na ji.

Saboda haka ka saurare ni da kyau. Mai shagon nan ba ƙarya ya yi maka ba, tarin zai ɗauke, Alhaji zai yi murmushi, a cikin gari za a ce kai gwani ne. Sai kun miƙi hanyar Maiduguri, inda babu kwana babu gari, ya danna totur ya riƙe, nan za ka ji tsakuwa a gwangwani. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Motar gudu fulogi mai sanyi take so, irin wanda masu ita suka saka mata, ko mafi kusa da shi. In dole sai ka kuskure, ka kuskure ta ɓangaren sanyi. Wanda ya yi sanyi da yawa baƙi kawai zai yi, ka cire ka goge. Wanda ya yi zafi da yawa inji yake ci.

Tarin kuma ba laifin fulogi ba ne. Na duba wanda ka aiko a hasken rana, na shafa shi da yatsa. Baƙin busasshe ne kamar na gindin tukunya, ba mai danƙo ba, wato injin ba ya shan baƙin mai, lafiyarsa ƙalau. Fetur ne ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Ka buɗe matatar iska ka gani ko ta toshe. Ka duba cok, wanda ake ja ya rage iska in za a tayar da inji da sanyi, ko yana maƙalewa. Tunda kafireto biyu gare ta, ka saurare su ɗaya bayan ɗaya da wannan kunnen naka, za ka tarar ɗaya ya fi ɗan'uwansa haɗama. Sannan ka faɗa wa Alhaji cikin ladabi cewa motar nan ba ta zuwa gidan suna da kasuwa ba ce, tana son a riƙa fita da ita bayan gari tana miƙe ƙafa. In ya ɗaure fuska ka yi haƙuri ka maimaita. Ni da na tambayi Injiniya irin hanyar da zai bi, na tsaya na yi tunani a kan amsar, da yanzu ina da mai rubuto mini takarda daga Filato.

Wani abin kuma, kada lamba ta ruɗe ka. Wannan ma na ɗanɗana. Malam Hudu mai a-kori-kura, wanda yake kwasar kaya daga gonakin Kadawa, ya taɓa kawo mini motarsa da lodin tumatir a kai, yana sauri. Na duba lambar da ke jikin tsohon fulogin, na aika aka sayo mai lamba kusa da ita, amma na wani kamfani. Ashe kowane kamfani da yadda yake ƙirgensa. A wurin wani in lamba ta hau sanyi ne ya ƙaru, a wurin wani kuma zafi ne. Bayan haka wuyan da ake murɗawa cikin inji ya fi na tsohon tsawo, ni ban jera su na gani ba. Ina tayarwa na ji ƙwas, fistin ya daki bakinsa ya lanƙwashe. Kafin mu kwance mu gyara rana ta yi aikinta, ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙasan mota, ƙudaje sun yi taro. Malam Hudu ya riƙe ƙugu ya ce, “Malam Isa, yanzu duk miyar nan ni kaɗai zan sha, ko za ka kawo tuwo?” Mutane suka yi ta dariya, har ni. Amma manoman da suka ba shi kayan ba su yi dariya ba, wahalar rani guda ce ta tsiyaye a ƙofar rumfata.

Kama da wane ba ta wane. Duk lokacin da za ka sayi fulogi, ka sa tsohon a aljihu. Ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, ka duba tsawon wuya, ka duba kauri, ka leƙa ciki ka ga hancin. In mai shago ya ce, “Ai duk ɗaya ne,” ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Shi sayarwa yake yi, kai ne za ka tsaya a gaban Alhaji.

Akwai kuma halin da ka koya a wurina wanda nake so ka bar shi a nan Kura. Ka tuna yadda nake shiga gida da fulogai a aljihu in tura su cikin murhun mahaifiyarka su yi ja, dattin ya ƙone? Allah Ya jiƙanta, kullum sai mun yi. Takan ce, “Malam, wai ni tuwo nake tuƙawa ko inji? Jiya yaran nan sun ce miya tana warin fetur.” In ce mata ai shi ne maganin tsutsar ciki. Ta kore ni da muciya, amma in na juya baya ita take zaro mini su da itace ta jera a kan dutse su huce. Yanzu murhun yana nan, tokar da ke ciki ta daɗe da sanyi, Binta ce take aiko mini da abinci in ta samu mai zuwa. In ba ta samu ba in sayi ƙosai in ci a rumfa.

To wannan dabarar ta talaka ce da injin talaka. Wuta tana tsatsa tangaran ta inda ido ba ya gani. Injin ruwa zai haƙura da shi, in ya tsaya manomi ya jira gobe. Na taɓa mayar da ƙonannen fulogi a babur ɗin limamin unguwarmu, ɓallin tangaran ya faɗa ciki ya karce silinda, wata guda yana zuwa ɗaurin aure a ƙafa. A motar Alhaji kada ka ƙona, kada ka kankare da burushin waya, kada kuma ka auna tazarar bakinsa da guntun zarto yadda muke yi. Ka sayi ma'aunin nan mai ganye-ganye, ka nemi awon da aka rubuta a ƙarƙashin bonet ko a littafin motar, ka bi shi. Kuma ka ji tsoron ƙarfin hannunka, don irin nawa ne. Kan injin irin waɗannan motoci na gorar ruwa ne, wato alminiyum, ba baƙin ƙarfe ba, yana da taushi. Ka bari ya huce sarai kafin ka kwance. In za ka ɗaura, ka fara murɗawa da yatsu har ya zauna da kansa, sannan ka sa sifana ka ɗan ƙara, ka tsaya. In ka ji ya cije tun farko, ka dawo da shi baya, kada ka ce za ka nuna masa kai namiji ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka saka sababbin tun da sauran lokaci, ka roƙi Alhaji ku fita titi ya taka ta sosai. Yana cikin gudun ya sami wuri ya sauka gefe ya kashe nan take, kada ya bar ta tana rurin tsaye. Ku sami inuwa ku jira ta huce, sannan ka zaro su duka shida ka jera yadda suke a inji. In ka ga hancin ya yi launin soyayyiyar gyaɗa, ka gode wa Allah. In baƙi ne, koma kan kafireto. In ka ga ya yi fari fat kamar alli, ko da ƙuraje a jiki, to ko Alhaji zai kore ka a wurin kada ka yarda a yi tafiyar nan da su.

Yanzu saura kuskuren da ya fi duka, wanda ba na inji ba ne.

Na ce maka na taɓa zama a babban gareji. A nan Kadunan da kake ne, ina saurayi kamar kai. Wurin yana da rami na shiga ƙarƙashin mota, da injin ɗaga ta sama, da ogan da ya fara yarda da ni har yana bar mini mabuɗin akwatin kayan aiki. Da na zauna, da abin da Baba Lamidi ya nuna mini a tafin hannu tun can na san shi. Ina cikin haka sai saƙo ya zo daga gida, wai Malam mahaifina yana kwance, in ina son ganinsa in taho. Ko sallama ban yi da kyau ba na hau mota. Ina shiga zaure na tarar da kakanka a zaune a kan buzu yana gyaran igiyar guga, lafiyarsa ƙalau. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ka zo?” Na ce na zo. Ya ce, “To, madalla. Jikin ne dai da sauƙi.” Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Na daɗe ina jin zafinsa a raina, Allah Ya gafarta mini. Sai yanzu na san ciwon da yake damunsa, don ni ma shi ya kama ni. Ba ƙarya ya yi ba, ciwo ne, sai dai ba na asibiti ba. Laifinsa ke nan in laifi ne. Nawa laifin shi ne ban koma ba. Na ce sai bayan damina, damina ta wuce na ce sai bayan girbi, aka yi mini aure, aka haife ka, ruwan kanal ya zo, injina suka yi yawa, na samu na cin abinci na zauna. Ban yi nadamar mahaifiyarka ba, ban yi nadamarku ba. Amma duk ranar da wata mota mai kyakkyawar murya ta wuce a titi, nakan ajiye sifana in bi ta da kunne har ta ɓace.

Saboda haka in wata rana saƙo ya zo maka cewa ina kwance, kada ka zabura. Ka aika wurin Binta ka tambaya tukuna, ita ba za ta rufe maka ba. In ta ce ka zo, ka nemi izinin maigidanka yadda ya kamata, ka zo, ka kuma koma. Mutane za su ce maka kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ka bar su su faɗa, yawancinsu ba su taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba.

Ban faɗa maka wannan don in nuna na fi kakanka ba. Bari ka ji yadda aka yi. Washegarin zuwan Ɗanjuma na rufe rumfa na shiga motar Kano da tsohon fulogin a aljihu. Baba Lamidi ya rasu tuni, sai na bi shagunan 'yan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya, har na dace da wani Inyamuri da yake da tsofaffin kaya a can ƙuryar shago. Ya hau tsani ya sauko da kwali biyu, ya busa ƙurar da ke kansu, ya buɗe mini a kan kanta. Wuyansu ɗaya, kaurinsu ɗaya, duka za su shiga motar Alhaji lafiya lau. Ɗaya mai dogon hanci, ɗaya mai gajere.

Abba, hannuna kan mai dogon hancin ya fara sauka. Na sani sarai, ba kuskure ba ne irin na wancan karon. Zuciyata ta ce mini, ai inji ne kawai. Alhaji mai hali ne, zai sayi wani. Yaro zai sha faɗa, ya ji kunya kwana biyu, ya dawo gida, ka sami mai riƙe maka inji da mai amsa maka sallama in ka shigo. Ba wanda zai taɓa sani, shi kansa zai ɗauka tsautsayi ne. Wallahi na ji daɗin maganar nan a raina, har na gan ka a rumfa kana wanke hannu da fetur. Ina tsaye riƙe da kwalin, mai shagon yana ta kallona, ya ce, “Baba, lafiya? Wanne za ka ɗauka?”

Sai na tuna ba a gareji injin zai mutu ba, a kan titi ne, cikin gudu, kuma kai ne a kujerar gefe. Na kuma ga fuskar da za ka shigo mini da ita, kana zaton hannunka ne bai iya ba, ka yi shekaru kana bin motocin mutane da kunne. Na yi istigfari a fili har yaron shagon maƙwabta ya leƙo. Na ture kwalin can gefe na ce, “Ba ni mai gajeren hanci, guda shida.” Da na fito na rasa inda zan nufa, na zauna a bakin wani masallaci har aka kira la'asar, sannan na nemi motar gida.

Ga su nan Ɗanjuma zai ba ka tare da takardar nan, na naɗe su a tsumma na ɗaure da zare. Na duba kowanne da idona, amma kai ma ka sake dubawa ka jera su da tsohon, kada ka yarda da su don daga hannuna suka fito. Ka dai ji abin da hannun nan ya so ya yi.

Ba sai ka wahalar da kanka wajen aiko da amsa ba, na san aiki ya yi maka yawa. Rumfata tana kallon titi, duk motar lodin da ta dawo daga kudu a gabana take sauke mutane, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, kowacce sai na ɗaga kai. In aka gama kwashe tumatir, motocin suka ɗauke ƙafa, ban ga ka sauko daga ko ɗaya ba, to na san fulogin ya yi.

Allah Ya kai ku Maiduguri lafiya Ya dawo da ku lafiya. Ya sa albarka a hannunka, Ya ba ka haƙurin zama da mutane, Ya haɗa ka da abokin da za ku ci kwano ɗaya, Ya kuma ba ka ikon riƙe shi. Ka kula da salla a kan lokaci ko kana ƙarƙashin mota. Ka riƙa sa mahaifiyarka a addu'a. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isa Bakanike, bakin titi, Kura.